Benen Dijatu na Arkilla

Labari ya cika Ƙofar Rini cewa Dijatu ta gina bene hawa uku a Arkilla, mai tayil har a ɗakin awaki, amma ana gobe za a tare a cikinsa, aljanu suka ɗauke shi cak, suka shuka gero a gurbinsa don kada a gane. Wata mai ƙosai ta rantse ta taɓa shan inuwarsa. Wani direban keke ya ce shi da idonsa ya hango shi bayan haka a bakin gulbi wajen Wamakko, an shanya wanki a hawa na biyu.

Ku kwantar da hankalinku. Ni Tukur ɗan kawunta ne, taubashinta, gida ɗaya muke kwana muke tashi, kuma ni na fara sakin labarin nan a teburin mai shayi, saboda haka ba wanda ya fi ni sanin ƙarya ce. Babu bene, babu aljani. Geron dai gaskiya ne. Abin da ya faru shi ne Dijatu ta gina gida har sau biyar, duk a kan takarda, kuma kowane gini ya fi na baya ƙanƙanta.

Dijatu ita ce mai ba da kati a wani ƙaramin asibiti da ke cikin gari. Shekara goma sha tara tana zaune bayan wata 'yar taga, ana miƙo mata lamba tana zaƙulo fayil. An ce ko rijiya fayil ɗinka ya faɗa, in ka ba ta minti biyar za ta fito maka da shi a bushe. Doguwa ce, marar yawan magana, tana ɗaure bironta da zare a jikin teburi don kada likitoci su ara su manta. Da mijinta ya rasu ta gama takaba, ta kwaso 'ya'yanta mata biyu ta dawo gidanmu, ɗakin mahaifiyarta Gwaggo Rabi, ƙanwar babana, wadda ita ma nan ta dawo tun rasuwar nata mijin. Ɗaki ɗaya, mutum huɗu, akwatuna har rufi. Ɗakin yana jingine da magudanar ruwan gida, da damina bangonsa yakan yi gumi kamar mai zazzaɓi, gwiwoyin Gwaggo kuma su amsa.

Ba wanda ya taɓa ce musu su tashi. Gidanmu ba a haka. Amma akwai irin "ai nan gidanku ne" da in aka yawaita faɗa maka, kai ma ka san ba naka ba ne. Wata rana Gwaggo tana tsince shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce ita dai ta zauna ɗakin ubanta, ta zauna na mijinta, ga ta a na yayanta, kuma duk sun kyauta mata. Abin da ya rage mata shi ne ta kwana a ɗakin da ba alfarma aka yi mata ba, ko na mako guda ne, kafin a kai ta wanda ba shi da taga. Ta faɗa ta ci gaba da tsintarta kamar ba ita ba. Dijatu kuwa ta ɗauki maganar ta adana a inda fayil ba ya ɓata.

Ta sayar da 'yan kunnenta na zinariya da shanu biyu da ake yi mata kiwo a ƙauye, ta haɗa da abin da ta samu na gadon mijinta, ta sayi fili a Arkilla, can ƙarshen unguwa inda gidajen ma'aikata suke ƙarewa gonaki su fara. Ma'aikatan safiyo suka zo suka auna, suka kafa mata duwatsu huɗu a kusurwoyi, irin 'yan gajerun turakun simintin nan masu lamba a ka. Ta buɗe fayil a ofishin da ake rajistar filaye, aka ce ta ba su wata uku takardar mallaka za ta fito. Sauran kuɗin ta ajiye gefe ta ce na gini ne, ko ciwon haƙori ba zai taɓa su ba.

Da wata ukun ya kusa cika ta aika aka kira Muntari magini, abokin marigayi mijinta, wani gajere mai fensir a bayan kunne, wanda ko gaisawa kuke yi idonsa yana kan bangon da ke bayanka yana neman inda ya karkace. Muntari ya zauna a zaurenmu, ya ɓalle tsakiyar littafin makaranta, ya zana gida: ɗaki huɗu da falo, da kicin, da makewayi. A ɗakin gabas, wanda hantsi zai fara shiga, Dijatu ta sa ya rubuta "Inna". A bayan takardar ya jera siminti da bulo da rodi da kwano da katako da ladan aiki, abin ya zo daidai da ajiyarta, har da ɗan rarar fenti. Can ƙasa ya ɗauki jan biro ya rubuta cewa wannan ƙiyasi na kwana talatin ne. In ya wuce sai a sake sabo, domin ba shi ke da kasuwa ba.

Ya kuma gaya mata sharaɗinsa tun da wuri, cewa ba ya sara ƙasa sai ya ga takarda a hannu da duwatsu a kusurwa. Ya taɓa gina katanga ta shiga filin wani da kamu ɗaya, aka sa shi ya rushe ta da hannunsa, mutane suna tsaye suna cin gyaɗa. Dijatu ba ta yi musu ba. Ita ma ta ga gidajen da hukuma ta shafa wa jan fenti a hanyar Arkilla, sun tsaya iya taga shekara da shekaru, ƙadangaru ne kawai suka tare.

Kwana talatin suka wuce, takarda ba ta fito ba. Abin da ya fi ci wa Dijatu rai shi ne ta san yaren. In aka ce mata fayil yana teburin oga, ta san ba wanda ya gan shi tun Litinin. In aka ce yana hanya, ta san yana ƙarƙashin wani fayil ɗin. In aka ce ta dawo Laraba, ta san mai maganar yana fatan ranar Laraba ba shi ne a kujerar ba. Ita ma ta taɓa faɗa wa mutane haka ta tagarta a shekarun baya. Ba wanda ya wulakanta ta a ofishin nan, har kujera ake ba ta, ana ce mata Hajiya alhali ko filin jirgi ba ta taɓa takawa ba. Kawai dai yau mai sa hannu ya tafi taro, gobe an canza fom, jibi ana mayar da fayiloli cikin kwamfuta, gata kwamfutar ta ƙi tashi. Duk Laraba, lokacin hutunta na rana, sai ta hau keke ta je ta dawo. Direbobin bakin asibiti har suka daina tambayarta ina za ta.

Cikin wannan jira ne Baba Mode ya bayyana. Tsoho ne daga wajen Wamakko, kakanninsa ne suka noma wurin kafin a yanka shi filaye. Ya zo har gida da ƙwan zabi a ƙwarya, ya gaida Gwaggo, ya ce ya ga filin yana zaune ga damina ta kawo kai, ko za a ara masa ya watsa gero na shekara ɗaya kafin gini ya tashi. Haka ake yi a wurin. Duk filin da ba a gina ba akwai mai noma shi, ya tsare maka shi daga masu zubar da shara da masu sayar da abin da ba nasu ba, da kaka kuma ya kawo maka dami ɗaya ko biyu. Dijatu ta ce ya je ya noma, Allah Ya sa albarka. Aka soya ƙwan aka cinye.

Da aka ce mata takarda ta kusa, ta sake kiran Muntari. Ya zo da sabuwar tsakiyar littafi, ya sake zana gidan da fensir. Siminti ya tashi, rodi ya bi bayansa, kwano ya ce shi ma ba a bar shi ba. Kuɗinta kuwa suna nan inda ta bar su kamar an dasa su. Muntari ba ya cewa a ƙaro, ya san ba ta da inda za ta samo. Abin da yake yi shi ne ya laluba aljihu ya ciro abin goge fensir. Ya goge ɗakin baƙi, ya hure takardar. Ƙiyasi na biyu ɗaki uku da falo, wa'adi kwana ashirin da ɗaya.

Nan Dijatu ta yi dabara, irin wadda kowa a gidanmu ya yaba. Ta ce tunda siminti ne ke gudu, bari ta kama shi ta ɗaure. Ta sayi buhu sittin aka jibge a zaurenmu. Muntari ya ce a sa katako a ƙasa a rufe da leda, aka yi. Abin da ba a sani ba shi ne zauren namu yana yoyo ta inda ido ba ya gani, kuma takarda ba za ta fito a wannan damina ba. Da aka yaye ledar bayan kaka, buhunan sun daskare sun manne da juna, dutse guda mai siffar buhuna har da layin ɗinki. Aka kawo ƙarti huɗu daga kasuwa su ɗaga, suka zagaya shi sau biyu suka ce a yi musu haƙuri, suna da iyali. Har yau yana nan. An shimfiɗa masa tabarma ya zama kujerar zaure, kuma ba na jin akwai attajiri a Sakkwato da ke da kujera mai tsadarta. Ƙiyasi na uku ya zo babu falo, wa'adi mako biyu.

Duk lokacin da Muntari ya tafi, Dijatu takan kai wa Gwaggo sabuwar takardar. Gwaggo ba ta karanta boko, amma ta san inda gabas take a jikin zane. Sai ta ɗora yatsa a wurin ta ce yana nan, ta miƙo takardar. Ba ta taɓa tambayar ina sauran suka tafi ba.

A shekara ta biyu, da bazara, fayil ya kai mataki na ƙarshe. Wani jami'i zai je ya ga duwatsun nan huɗu da idonsa, ya duba lambobinsu sun dace da na takarda, shi ke nan sai sa hannu. Dijatu ta ɗauki hutun yini guda, ta ɗauko shi a keke. Suka isa fili, ga kututturan karan bara, ga rana tana dukan ƙeya. Suka je kusurwar farko, babu dutse. Ta biyu, rami. Ta uku da ta huɗu ko ramin ma ƙasa ta cike. Jami'in ya share gumi ya ce shi ba zai rubuta ya ga abin da bai gani ba, kuma gaskiyarsa ce.

Washegari ta nufi Wamakko. Baba Mode ya tarbe ta da murna, aka shimfiɗa mata tabarma, aka dama fura. Da ta tambayi duwatsu sai fuskarsa ta washe, irin ta wanda aka zo karɓar amana kuma amanar tana nan.

"Ai suna nan, ɗiyata, ko guda bai ɓace ba," in ji shi. "Na ga garmar shanu za ta hwasa su, ga kuma ɓarayi, sai nic cire su nit taho da su gida. Abu mai lamba ba a barinai daji."

Ya shiga da ita cikin gida. Guda ɗaya yana bakin ƙofa an tokare ƙyaure da shi. Sauran ukun kuwa matarsa Tani ta ga tsayinsu ɗaya, kansu a baje, duk duwatsun murhun da ta taɓa gani babu kamarsu, sai ta girka tukunyar tuwo a kansu. Shekara guda ke nan iyakokin Dijatu suna dafa wa gidan Baba Mode abinci. Lambobin sun yi baƙi ƙirin. Dijatu ta tsaya tana kallon tukunya tana tafasa a kan kusurwoyi uku na filinta. Tani ta ce ba za ta tafi ba sai ta ci. Ta zauna ta ci, kuma ta ce tuwon ya yi daɗi.

A ofis aka gaya mata dutsen da aka tumɓuke mai fili ba ya mayar da shi da hannunsa, sai safiyo ya sake awo ya kafa sabo, kuma akwai layi. Aka ce mako biyu. Ruwan farko ya sauka ba a zo ba. Baba Mode ya sake bayyana da ƙwarya, wannan karon kansa a sunkuye, ya ba da haƙuri har Gwaggo ta ce ya isa, sannan ya tambaya a hankali ko bana ma zai watsa. Dijatu ta auna abin. Shekara goma sha tara na sanin halin fayil suka ce mata "mako biyu" na ofis ba ya nuna sai bayan kaka. Ta ce ya shuka. Wannan ne karo ɗaya tak da ofis ya ba ta kunya ya zo da wuri.

Cikin watan Agusta aka kira ta a waya, aka ce safiyo zai zo ranar Alhamis, kuma tunda komai ya kammala, da an kafa duwatsu a makon za a sa hannu. Ta kira Muntari tun kafin ta ajiye wayar da kyau. Ƙiyasi na huɗu ɗaki biyu ne, na Inna da nata ita da 'ya'yanta, wa'adi kwana goma. Muntari ya gaya mata ba ɓoye-ɓoye cewa in aka bar wannan ya wuce kasuwa ta sake motsi, ɗaya daga cikin biyun zai tafi.

Ranar Alhamis Gwaggo ta ce sai an tafi da ita, ba ta taɓa ganin wurin ba. Aka ɗauki keke, Muntari ya biyo su a babur. Safiyon, wani Malam Junaid, ya riga su isa, yana tsaye da na'urarsa mai ƙafa uku yana kallon abin da ke gabansa. Gero ya fi tsayin mutum, ya yi kai, ya fara nauyi, saura mako uku ko huɗu a girbe. Ka sa hannunka a ciki ba ka ganin yatsunka. Malam Junaid ya yi musu bayani cikin ladabi, cewa na'urar sai ta hango daga kusurwa zuwa kusurwa, don haka sai an share gefe huɗu da kuma hanya ta tsakiya. A ƙaramin fili irin wannan, fiye da rabin geron ke nan. In an sare yanzu, kafin la'asar ya gama. In ba a sare ba zai mayar da fayil layi, kuma shi kansa bai san ranar da layin zai sake zagayowa ba, domin ƙananan hukumomi uku suna jiransa.

Baba Mode yana gefe yana ji. Bai roƙa ba, kuma da ya roƙa da abin ya fi sauƙi. Ya je wurin kekensa ya kwance adda, ya dawo ya miƙa wa Dijatu ta wajen ƙota.

"Hilinki na, ɗiyata. Ni nib ɓata miki aiki tun farko. Sare."

Ta karɓa. Filinta ne, ba malami ko alƙalin da zai ce ba ta da gaskiya. Ta tuna Larabobin da ta yi a hanya, sun kusa ɗari. Ta tuna jan biron Muntari, da bangon da ke gumi, da 'ya'yanta da suka girma suna canza kaya a bayan labule. Ta kuma tuna tukunyar Tani da yawan hannuwan da ta gani suna jiran a sauke ta. Muntari ya ɗaga kai yana duban sama kamar can ma akwai bangon da ya karkace. Ta kama kara ɗaya da hagu, zangarniyar ta sunkuyo ta taɓa mata goshi.

Gwaggo tana zaune cikin keke saboda gwiwa. Ta kira ta.

"Dije. Ina ɗakin nawa yake?"

Dijatu ta nuna da addar, can ciki wajen gabas. Gwaggo ta daɗe tana kallon wurin.

"Gero ya yi kyau nan," in ji ta. Ta gyara mayafinta. "Ni ba ni kwana ɗakin da anka sare abincin mutane anka gina. Na jira shekara saba'in, wata guda ba shi kashe ni. In ya kashe ni, dama ba rabo."

Dijatu ta san ba wata guda ba ne. Duk wanda ke wurin ba wanda ya kai ta sanin haka. Duk da haka ta saki karan, ta juya addar ta miƙa wa Baba Mode ta wajen ƙota kamar yadda ya ba ta. Tsohon ya buɗe baki, ta ce masa kada ya ce komai. Malam Junaid ya naɗe ƙafafun na'urarsa yana ba da haƙuri, ya yi rubutu a fayil. Muntari ya ciro ƙiyasin ya dubi jan rubutun, ya ninke ya mayar aljihu. A hanyar dawowa direban keken ya kashe rediyonsa da kansa.

Kwana goman suka cika suka wuce, kasuwa ta yi abin da ta saba. Da kaka Baba Mode ya zo Ƙofar Rini da dami biyar maimakon biyu, da duwatsun nan huɗu an goge su da toka da yashi har lambobin suna ƙyalli. Ya ce Tani tana gaisuwa, kuma ta ce tun da aka cire su tukunyarta ba ta sake zama daidai ba. Duwatsun ba su da sauran amfani a wurin hukuma, amma Gwaggo ta hana a yar. Ɗaya yana gaban gadonta tana ɗora ƙafa a kai in gwiwa ta motsa. Geron kuwa duk rani aka yi ana fura da shi, Gwaggo tana ce mata furar ɗakinta, kuma ba ta yarda a ba ni sai na roƙa.

Ƙiyasi na biyar Muntari ya daɗe a kansa. Ya riƙe abin gogewa yana juya shi, wanda shi ma ya cinye saura kamar ƙwayar gyaɗa. Ya ce abin da ya rage zai yi ɗaki ɗaya da 'yar baranda da makewayi, katanga kuma sai ta kara. Ya tambaye ta wanne za a bari. Ta ce na gabas, kuma kada ya taɓa sunan da ke ciki. Ya ce to ita fa da yaran? Ta ce tabarmarta ba ta taɓa ƙin shiga ɗaki ba. Ke nan in Allah Ya yi, za su tashi daga ɗaki ɗaya mai mutum huɗu su koma ɗaki ɗaya mai mutum huɗu, bayan shekara uku da shanu biyu da zinariya. Ta kai wa Gwaggo takardar, Gwaggo ta ɗora yatsa. Wannan karon ba sai ta nemi gabas ba, ko'ina ta taɓa shi ne.

Wa'adin wannan kwana bakwai ne, kuma shi ma ya wuce tun watan jiya. Dijatu ba ta kira Muntari ya yi na shida ba. Shi ma in ya hango ta a hanya sai ya tsaya duban bangon mutane har ta wuce, domin su biyun sun san abin da ya rage a goge. Har yanzu ba a ba ta ranar safiyo ba. Laraba tana nan yadda take. A asibiti kuwa an ce tun shekara biyu ba wanda ya sake jin "dawo gobe" daga tagarta, ko an tashi aiki sai ta nemo maka katinka kafin ta ɗauki jakarta. Makon jiya wani ya ce ya ga jakin Baba Mode ɗauke da taki ya nufi wajen Arkilla. Tsohon bai zo tambaya ba tukuna, amma zabi sun kusa fara ƙwai, kuma ba wanda ya san abin da Dijatu za ta ce, har ita.

Larabar da ta wuce ta dawo daga ofis da la'asar, takalminta a hannu don ɗaya ya tsinke. Ta shigo zaure ta iske ni a kan kujerar siminti na miƙe ƙafa. Hakkin taubasantaka bai bar ni na yi shiru ba. Na ce sannu da dawowa Hajiya mai bene, in an tashi tarewa a wane hawa za a sauke ni, don ni fa ba na kwana ƙasa saboda sauro.

Ta tsaya. Ta dube ni tun daga hula har silifa.

"Tukur, ni gidana yana ƙanƙancewa ne don akwai shi. Kai shekara arba'in da huɗu kana ɗakin da anka yanke maka cibiya, ko a takarda ba a taɓa zana maka ƙofa ba." Ta nuna inda nake da tsinkakken takalmin. "Kuma wanga da kake zaune bisa kana washe baki, falona na. Tashi, ban gayyace ka ba."